Tunkiya Ba Ta Haihuwa Da Allura Kaɗai

Mai gida, idan tunkiyarka ta shekara ba ta haihu ba, ka yi hasarar ɗa da abincin da ta ci. Kafin ka nemi magani, fara duba turkenka.

Tumakinmu, 'Yanƙasa da Uda da Balami, suna neman rago kowane lokaci na shekara. Tunkiya takan nemi rago kamar kowane kwana 17, cikinta kuwa wata 5 ne. Abu uku ke hana ta ɗauka.

Na ɗaya, yunwa. Ramammiyar tunkiya ba ta cika ɗaukar ciki ba. Mako 3 kafin barbara, ƙara mata harawa da dusa da 'ya'yan gawo, da ɗan gishiri ko kanwa. Wadda ta yi jiki ta fi yin tagwaye.

Na biyu, zafi. Zafin bazara yana raunana ƙwan rago, yana kuma zubar da ƙaramin ciki. Yi musu rumfa, kada ruwan sha ya yanke.

Na uku, cuta, musamman tsutsar ciki. Ba da magani farkon damina da ƙarshenta.

Ƙidaya wata 5 kuma. Wadda aka barbara farkon damina za ta haihu da kaka, ga harawa. Wadda aka barbara da kaka za ta haihu da bazara, rumbu ya yi ƙasa.

To, sai maganar homon, watau sinadarin da jiki ke yi don tsara haihuwa. Likitan dabbobi yana da soso mai wannan magani. Yakan sa shi cikin gaban tunkiya kwana 12 zuwa 14, ya cire, ya yi mata allura. Bayan kamar kwana 2 sai ta nemi rago. Amfaninsa shi ne tumaki su haihu lokaci ɗaya. Amma ba ya maye gurbin abinci. Wata allurar ma zubar da ciki take yi in an yi wa mai ƙaramin ciki. Saboda haka kada ka saya a kasuwa ka yi da kanka.

In tunkiya ta yi ɓari, binne ɗan da mabiyiyar, ka wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta taɓa su, gama cutar tana iya kama mutum. A tafasa nono kafin a sha. Wanda zazzaɓi ya kama bayan haka, ya zo asibiti da wuri.