Leburan Dogo da Iyalinsa

In muka bi layin dogo daga Kano muka nufi arewa maso gabas, sai mu wuce Ringim, mu iso Taura. Daga nan dogo ya miƙe ta Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, har Nguru. Tsawonsa wajen kilomita 230 ne. Dogo ya iso Kano a 1911, amma bai kai Nguru ba sai 1930. An shimfiɗa shi ne musamman domin kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi.

Kowa ya san jirgi. Yau muna so mu san mutumin da jirgi ke tafiya bisa guminsa, watau leburan dogo.

Kakanninmu suna kiran aikin shimfiɗa dogo aikin diga, domin da diga ake haƙa. A farkon zamanin Turawa ba kowa ya je don son ransa ba. Akan aiko wa hakimi, hakimi ya aika wa dagatai, a fid da mutane. Wahalar ta kai har Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi ya yi waƙa a kai, ana ce da ita Waƙar Diga. Da aka gama shimfiɗa, yawancin mutane suka koma gona. Waɗansu kuwa suka zauna, aka rubuta sunansu, suka zama ma'aikatan reluwe.

To, mene ne aikin irin wannan mutum? An raba dogo kashi kashi, kowane kashi da ƙungiyar leburorinsa da shugabansu. Da sassafe mutum guda zai saɓi guduma da sifana, ya bi dogo a ƙasa yana dubawa. In ya ga kusa ta kwance, ya ɗaure. In ya ga ƙasa ta zaizaye, ya kira 'yan'uwansa su cike, su daddale.

Ku lura da wani abu. Ƙarfe yana miƙewa in ya sha rana, yana kuma tsukewa in ya yi sanyi. Saboda haka aka bar ɗan tsakani a mahaɗar kowane ƙarfe biyu na tsohon dogo. Wannan tsakani shi ke kawo ƙarar nan da mukan ji in jirgi na gudu. In tsakanin ya toshe, da zafin bazara sai dogo ya lanƙwashe, jirgi ya goce. Da damina kuma ruwan dare ɗaya ya isa ya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, ƙarfe ya rage a rataye. Direba ba zai gani ba sai ya zo kai, jirgi kuwa ba ya tsayawa nan take kamar jaki. Sai lebura ya sheƙa da gudu ya yi nisa, ya ɗaga jar tuta. Ran ɗaruruwan mutane yana hannun mai tutar nan, ga shi kuwa ba wanda ya san sunansa cikin jirgin. A ganinmu ba a taɓa biyansa daidai da aikinsa ba.

Ma'aikatan ma sun ga haka. Akwai wani mutumin ƙasar Edo, Michael Imoudu, an haife shi a 1902. Da aikin lebura ya fara a reluwe, har ya zama shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kaya suka yi tsada, albashi ya kasa biyan bukata. Ya matsa wa gwamnati, aka tsare shi a 1943, ba a sake shi ba sai 1945. A watan Yuni na shekarar nan ma'aikata suka shiga yajin aiki na fiye da kwana 40, jirage suka tsaya cik. A 1946 aka ƙara musu kuɗi saboda tsadar abinci. Imoudu ya yi tsawon rai, sai 2005 ya rasu.

Yanzu mu leƙa gidan ma'aikacin. Manomi yakan haifi 'ya'yansa duka a gida ɗaya. Mutumin reluwe ba haka yake ba, domin ba shi ke zaɓen mazauninsa ba. Takarda ce za ta zo, a ce an mai da shi wata tasha. Sai matarsa ta ɗaure tukwane da tabarmi, a hau tarago. Don haka in muka tambayi irin wannan gida tarihinsu, sai mu ji kamar ana kiran tashoshi: babban ɗa an haife shi a Zariya, mai bi masa a Kano, auta a Taura, kabarin kaka kuwa yana Nguru. Matar ita ta fi shan wuya, ko da yake ba sunanta a littafin albashi. Duk inda aka sauka sai ta nemi rijiya, ta nemi maƙwabta, ta soma sana'a daga farko. Da yawa sun riƙe gida da sayar da abinci a bakin tasha.

A gidajen reluwe Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Banufe katanga ɗaya ce ta raba su. Yaransu suka tashi suna jin harshe biyu ko uku. Rikicin 1966 ya watsa wannan zama. Ma'aikata 'yan Gabas da yawa suka bar Arewa, waɗansu sun rasa rayukansu, waɗansu kuma ba su sake ganin garin da aka haife su ba.

Daga baya motoci suka ƙwace kaya da fasinja, jirage suka ragu ƙwarai, tsofaffin ma'aikata suka koma jiran fansho. A nan ne takarda ta yi rana. Da shekarun aiki ake lissafin fanshonsu, shaidar shekarun kuwa ita ce takardar ɗauka aiki da takardar sallama. Wanda gara ta cinye tasa, ko ruwa ya jiƙa ta, ya sha kai da kawowa kafin a saurare shi.

A 2021 aka aza harsashin sabon dogo daga Kano zuwa Maraɗi, da reshe zuwa Dutse. Shi ma zai bukaci masu bin sa a ƙasa.

Kafin darasi na gaba, kowa ya nemi wani tsoho da ya yi aikin reluwe, ko matarsa, ko ɗansa. Ku gaishe shi, ku ce, "Baba, a wace shekara aka ɗauke ka? Wace tasha ka fara zama? Ina da ina aka haifi yaranka?" Ku rubuta amsar, ku zo da ita aji mu karanta tare.