ZAMAN BAKIN KOGI: DARASI A KAN TSARE RAI DA DUKIYA DA TAFIYAR JIRGI

Gabatarwa

An shirya wannan darasi ne domin jama'ar ƙananan ƙauyukan da ke zaune a gaɓar Kogin Kwara da Kogin Binuwai da rassansu, da kuma duk wanda sha'anin ciniki ko zumunci ko aikin hukuma yakan kai shi can. Ana roƙon malaman makaranta da limamai da masu unguwanni su karanta shi ga waɗanda ba su iya karatu ba. Abin da darasin yake koyarwa shi ne, kogi yana da lokutansa sanannu, kuma yawancin asarar da ake yi a bakinsa tana da dalilan da aka sani tun kafin ta auku. Ƙauyen da ya san waɗannan lokuta da dalilai, ya kuma yi shiri da wuri, yakan tsira da mutanensa da mafi yawan abin da ya mallaka.

Kogin da lokutansa

Kogin Kwara, wanda ake kira Neja, ya taso ne daga tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Jamhuriyar Nijar, ya shigo Nijeriya ta Jihar Kabi. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 4,180. Binuwai kuwa daga ƙasar Kamaru ya fito, ya bi ta Yola da Numan da Ibi da Makurɗi, tsawonsa wajen kilomita 1,400. A Lakwaja suka haɗu, suka nufi teku.

Kwara yakan kawo ruwa sau biyu a shekara. Na farko shi ne farin ruwa, wanda ruwan saman damina na nan kusa yake haddasawa. Yakan fara hauhawa cikin watan Agusta, ya kai ƙarshen cikarsa tsakanin Satumba da Oktoba, yana tafe da laka, shi ya sa ya yi fari-fari. Na biyu shi ne baƙin ruwa, wato ruwan da ya sauka tun a Gini, ya yi watanni yana ratsa manyan fadamun ƙasar Mali, lakarsa ta kwanta, sa'an nan ya iso mana cikin hunturu. Farin ruwa shi ne yake cin gidaje da gonaki, musamman idan cikarsa ta yi daidai da ta Binuwai.

Ban da ruwan sama, akwai madatsun ruwa. An gama madatsar Kainji a 1968, ta Jabba a 1985, ta Shiroro da ke kan Kogin Kaduna a 1990. A Kamaru kuma akwai madatsar Lagdo a kan Binuwai, wadda aka gama a 1982. Idan tafkin madatsa ya cika, tilas a buɗe ƙofofinsa don kada bangon ya karye. Saboda haka ruwa yana iya hauhawa a ƙauye ranar da sama take garau. Wanda yake jiran ganin hadari kafin ya shirya, to, ya makara.

Mai karatu zai tuna da shekarar 2012, sa'ad da ambaliya ta kashe mutum 363, ta raba fiye da mutum miliyan biyu da gidajensu. A 2022 waɗanda suka rasu sun wuce 600, har hanyar Lakwaja zuwa Abuja ta yanke a wajen Koton Karfe. Dukan biyun sun tsananta ne a watannin Satumba da Oktoba, daidai lokacin da aka faɗa a sama.

Me ya sa ake zama a can?

Mutumin tudu yakan yi tambaya, me ya hana su tashi? Amsar tana cikin kogin. Lakar da ambaliya take barin baya ita ce takin fadama, inda shinkafa da rake da masara suke yin kyau, a kuma yi noman rani bayan ruwa ya janye. Kifi abinci ne, haja ce kuma. Nufawa da Kakanda da Gungawa da Sarkawa da Jukunawa da Igala sun yi ɗaruruwan shekaru suna su da fito da fatauci a kan waɗannan ruwaye. Kaburburan iyayensu suna can, kasuwanninsu suna can. Ko lokacin da aka ta da mutum fiye da 40,000 saboda tafkin Kainji, ruwa ya rufe tsohon garin Busa, da yawansu ba su yi nisa da gaɓa ba. Maganar da ta dace ita ce yadda za a zauna lafiya da kogin, tun da barinsa ba abu ne mai yiwuwa ga kowa ba.

Tsare rai

Kowace shekara, kafin damina ta kankama, hukumar da ke lura da yawan ruwan koguna ta Tarayya tana fitar da hasashen ambaliya, tana ambaton jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Hukumar duba yanayi ita ma tana sanar da yadda damina za ta kasance. Ana watsa waɗannan sanarwa a rediyo. Ya kamata kowane ƙauye ya ɗora wa mutum ɗaya mai natsuwa alhakin sauraronsu, ya kai wa mai gari, shi kuma ya sa a yi shela.

Bayan wannan, ƙauye ya kafa ma'aunin kansa. A kafa gungume mai ƙarfi a bakin mashigi, a yi masa zane uku. Ruwa ya taɓa zane na farko, a fara kwashe hatsi da dabbobi. Ya taɓa na biyu, a kai tsofaffi da masu ciki da yara da marasa lafiya tudu. Ya taɓa na uku, kowa ya tashi. Dattawan da suka ga ruwan 2012 da na 2022 su ne za su nuna inda ya dace a yi zanen. A kuma zaɓi tudun da za a koma tun cikin bazara, a nemi yardar masu wurin, kowa ya san hanyar zuwa.

Kada a raina ruwa mai gudu. Wanda bai wuce gwiwa ba yana iya kayar da ƙato, balle yaro ko mace mai goyo. Kada a ratsa shi da dare, kada a aiki yara su tsallaka shi.

Bayan ruwa ya janye, haɗari bai ƙare ba. Ambaliya tana haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan ne amai da gudawa, wato kwalara, suke ɓarkewa. A tafasa ruwan sha har ya yi ta ɓararraka. Idan gudawa ta kama mutum, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, a riƙa ba shi, a gaggauta kai shi asibiti. Kududdufai suna haifar da sauro, saboda haka a kwana cikin gidan sauro. Yaron da yake fitsarin jini yana da tsargiya ne, wadda ake ɗauka daga ruwan da ke da katantanwa, kuma akwai maganinta a asibiti. Haka nan ƙwayar da ake rabawa kyauta kowace shekara domin hana makantar da ƙudan kogi yake kawowa, kada kowa ya ƙi shanta.

Tsare dukiya

Dukiyar mutumin bakin kogi ita ce gidansa, da gonarsa, da rumbunsa, da jirginsa da komarsa. Bangon ƙasa daga tushe yake lalacewa. In ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu ko uku, sai ya jiƙe ya zube. Wanda zai yi sabon gini ya tambayi inda ruwa ya tsaya a shekarar da ya fi yawa, ya ɗaga daɓen gidan ya wuce wurin, ya yi tushe da dutse ko bulo na siminti gwargwadon ƙarfinsa. Kada a yi gini a gefen da kogi yake cin gaɓa, wato bayan lanƙwasarsa, inda ruwa ya fi gudu. Itatuwa da ciyayin bakin gaɓa su ne suke riƙe ƙasa. Mai sare su da mai haƙar yashi kusa da gari suna jawo kogi zuwa ƙofar gidansu ne.

Rumbu ya kasance a kan tudu ko a bisa dogayen ƙafafu. Irin shuka na baɗi kuwa a raba shi biyu, a ajiye rabi wurin ɗan'uwa a garin tudu, domin manomin da ya rasa amfanin bana da irin baɗi gaba ɗaya, shekara biyu ya rasa. Mai hali ya yi gona a fadama da kuma a tudu, ya shuka shinkafa mai saurin nuna don ya girbe kafin cikar ruwa. Akwai kuma shirin inshorar aikin gona wanda Gwamnatin Tarayya ta fara a 1987. Malamin gona zai yi bayaninsa ga mai bukata.

Wata asarar da ba a faye lura da ita ba ita ce ta iyakar gona. Ruwa yakan shafe kunya da shinge, ya cinye wani yanki, ya fitar da sabon tsibiri a wani wuri, sai rikici ya tashi tsakanin maƙwabta ko tsakanin manomi da makiyayi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba Ƙaramar Hukuma ikon ba da takardar haƙƙin zama na gargajiya a kan filayen karkara. Wanda ya nemi wannan takarda, aka rubuta iyakarsa a gaban mai gari da maƙwabta, ya rage wa 'ya'yansa shari'a. Ita da takardun haihuwa da na makaranta da katin shaida a naɗe su cikin leda, a sa cikin gwangwani mai murfi, a rataye inda hannu zai kai da sauri.

Tafiyar jirgi

A ƙauyuka da yawa, in damina ta yi nisa, kogi ne kaɗai hanyar kasuwa da asibiti da gidan biki. A nan ne kuma aka fi asarar rayuka a lokaci ɗaya. Cikin watan Mayu na 2021, wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa kasuwar Wara ta Jihar Kabi, ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya masu nauyi, ya tsage a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. A Oktoban 2022, mutum 76 suka rasu a Ogbaru ta Jihar Anambara suna gudun ambaliya cikin jirgi. A Yunin 2023, fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na Jihar Kwara, suna komowa daga biki da tsakar dare, bayan jirginsu ya daki kututture.

Wanda ya dubi irin waɗannan haɗura zai ga dalilansu suna maimaita kansu: lodin da ya wuce kima, tafiyar dare, tsohon katako, da rashin rigar ceto. Kowane fasinja da kowane buhu yana ƙara nutsar da jirgi, bakinsa yana matsowa kusa da ruwa. In abin da ya rage bai fi faɗin tafin hannu ba, igiyar ruwa ƙarama ta isa ta shiga ciki. Idan mutane suka firgita suka miƙe tsaye, ko suka koma gefe ɗaya, nauyi ya hau sama ke nan, jirgin ya kife. Da dare kuwa matuƙi ba ya ganin kututture ko dutse ko tudun yashi, masu ceto ma ba sa ganin wanda ya faɗa. A tafkin Kainji har yanzu akwai itatuwan da ruwa ya rufe suna tsaye a ƙarƙashi.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda aka kafa a 1997, mai hedkwata a Lakwaja, ta hana tafiyar jirgin fasinja da dare, ta hana lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ceto. Amma ma'aikatanta ba za su iya tsayawa a kowane mashigi ba. Aikin ya komo kan Sarkin Ruwa da ƙungiyar masu jirage da su fasinjojin kansu. Ga abin da ake bukata:

1. A rubuta yawan mutanen da jirgi yake ɗauka a jikinsa, a ƙidaya su kafin a tashi.
2. A yi zane a cikin jirgin daga waje. In ruwa ya rufe zanen, a rage kaya.
3. Kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure ta, har wanda ya iya iyo. A tanadi ƙanana domin yara.
4. A tafi da filafili da gora da igiya da abin kwarfe ruwa, ko da jirgin mai inji ne.
5. Masu biki ko taron addini su shirya masauki, baƙi su kwana, a yi fito da safe.
6. In hadari ya taso, a nemi gaɓa mafi kusa a jira.

Fasinja yana da ikon ƙin shiga jirgin da ya cika. Babu kunya a ce wa matuƙi, "Malam, zan jira sahu na gaba." Kuɗin fito na mutum goma da aka ƙara ba zai biya ran mutum ɗaya ba. In haɗari ya auku inda waya take aiki, a kira lamba 112.

Tambayoyi domin taron ƙauye

(a) Ina ruwa ya tsaya a garinmu a 2012 da 2022, kuma gida nawa ne suke ƙasa da wurin?
(b) Wane tudu za mu koma, wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya?
(c) Jirage nawa muke da su, rigar ceto nawa, wa yake ƙidaya fasinja a mashigi?
(d) Gonaki nawa ne ba a rubuta iyakarsu ba?

Ana so mai gari ya kira wannan taro cikin bazara, kafin ruwan farko, a rubuta abin da aka shirya, a kai kwafi ɗaya ofishin Ƙaramar Hukuma. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu, ya ba mu damina mai albarka, amin.