Ba duk mai kwasfa ke ƙara wa ƙasa taki ba

A aikin malamin gona, ana yawan cin karo da zaton cewa duk shukar da ke fitar da kwasfa tana gyara ƙasa kamar yadda wake ke yi. Wannan zato yana janyo asara, kuma rabe-raben tsirrai ne ke warware shi. A 2017 masana suka sake tsara dangin masu kwasfa zuwa reshe shida. Mafi girma shi ne Papilionoideae, mai nau'i kusan 14,000, kuma a nan wake da gyaɗa da gurjiya da waken soya suke, har da baban rini da itacen maɗobiya. Furensu ne ke tona su. Ganyen furen biyar ne: babba ɗaya a sama, biyu a gefe, biyu kuma a ƙasa manne da juna sun rufe sassan haihuwa, siffa mai kama da malam-buɗe-littafi. Akasarinsu suna da ƙananan ƙulli a saiwa, inda ƙwayoyin bakteriya ke kama naitirojin daga iska su ba shuka. Idan an tsaga ƙullin aka ga cikinsa ja-ja, to yana aiki. Tafasa da kalgo suna da kwasfa, amma reshensu daban ne kuma ba su da wannan ƙulli.

Wani zai ce ai gawo ba ya cikin reshen su wake, ga shi kuwa gero na yin kyau a ƙarƙashinsa. Haka ne. Gawo da bagaruwa suna ƙulli, furensu kuma tarin zare-zare ne, suna cikin wani reshe, Caesalpinioideae, tare da tafasar da ba ta yi. Wannan ma ya ƙara nuna cewa kwasfa kaɗai ba shaida ba ce. Kalgo shi ma yana da amfani, domin ganyensa na ruɓewa kuma yana tare ƙasar da iska ke kwashewa, amma ba ya kawo naitirojin sabo. Saboda haka manomin da ke son hutar da gonar da ta gaji da shuka mai kwasfa ya dubi furenta, ya tuge shuka ɗaya a tsakiyar damina ya duba saiwa, kafin ya rage takin da zai zuba baɗi.