Kishin 'Yan'uwa A Fagen Dara: Yadda Ake Cin Mai Kwaikwayo

Gabatarwa

Duk gidan da aka ajiye allon dara, kuma akwai wa da ƙane a cikinsa, to ba a rabuwa da gardama. Hausawa na cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, balle mutum biyu da kowannensu yake ganin ya fi ɗan'uwansa kai. A wannan darasi zan yi magana ne a kan darar Turawa da ake kira ces, musamman wata dabara da ƙanne suke fakewa da ita idan sun ga yayyensu sun fi su hannu, wato kwaikwayo. Duk abin da ka taka, shi ma sai ya taka irinsa a nasa ɓangaren, kamar kana wasa da madubi. Zan bayyana dalilin da ya sa dabarar ba ta kai mai ita gaci, da hanyoyi uku na karya ta, sannan abin da ya kamata 'yan'uwa su koya daga ciki.

Allo Da 'Ya'yansa

Allon ces yana da gida 64. Layukan tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da suna, kamar e4 ko c8. Mai fararen 'ya'ya shi ne ke fara taku. A nan zan kira 'ya'yan da Sarki, Sarauniya, Hasumiya mai tafiya a miƙe, Giwa mai tafiya a karkace, Doki mai tsallake, sai Soja. Idan aka kai wa Sarki hari, wannan shi ne kashedi, kuma doka ta wajabta a kare shi nan take. Idan babu hanyar kare shi, Sarki ya mutu, wasa ya ƙare.

Me Ya Sa Ake Kwaikwayo?

Ƙanena, wanda na girme shi da shekara uku, ya ɗauki wannan dabara a wani dogon hutu. Hujjarsa ita ce: "Yaya, in takunka mai kyau ne, nawa ma mai kyau ne. In ka yi kuskure mun yi tare. To ta ina za ka ci ni?" Har ya fara shela a tsakar gida cewa ya gano maganina, ƙannenmu mata suna yi masa tafi.

Maganarsa ba shirme ba ce gaba ɗaya, domin akwai wasannin da kwaikwayo yake ci. Ka tara tsakuwa kashi biyu daidai wa daida, a ce kowa zai ɗebi yadda ya so daga kashi ɗaya, wanda ya ɗauki ta ƙarshe shi ya ci. Na biyu ba zai taɓa faɗuwa ba, muddin yana ɗibar adadin da na farko ya ɗiba daga ɗaya kashin. Dalili kuwa shi ne kasoshin biyu ba sa taɓa juna.

A ces ba haka abin yake ba. Rundunonin biyu suna haɗuwa, kuma akwai abu biyu da ba sa kwaikwayuwa. Na farko kashedi: wanda aka kai wa Sarkinsa hari ba shi da damar ramawa sai ya fara kare kansa. Na biyu ci: idan na cinye ɗan da za ka yi kwaikwayon da shi, da me za ka rama? Tunda Fari ne ke gaba da taku ɗaya, shi zai riga kaiwa ga waɗannan biyun. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

Hanya Ta Farko: Kisa A Taku Huɗu

Wannan ta mai kwaikwayo ido rufe ce. Ana jingina ta ga Sam Loyd, Ba'amurken da ya shahara wajen tsara wasannin wasa ƙwaƙwalwa, wanda ya rayu daga 1841 zuwa 1911.

1. Soja c4, Soja c5
2. Sarauniya a4, Sarauniya a5
3. Sarauniya c6, Sarauniya c3
4. Sarauniya ta ci Giwa a c8, Sarki ya mutu.

Gidan d8 ya zama fanko tun da Sarauniyar Baƙi ta fita, babu mai shiga tsakani, kuma Sarki ba shi da wurin gudu. Amma a yi hattara. A taku na uku Sarauniyar Fari tana tsaye ne a bakin Sojoji biyu da Doki. Idan abokin wasa ya farka ya bar kwaikwayo, zai cinye ta a banza. Saboda haka wannan ta nishaɗi ce, ba a shiga gasa da ita.

Hanya Ta Biyu: Tarkon Petrov

Wannan ita ce na fi amincewa da ita, domin babu kasada a cikinta. Ta fito ne daga buɗin wasa mai ɗauke da sunan Alexander Petrov, gwanin ƙasar Rasha na ƙarni na 19.

1. Soja e4, Soja e5
2. Doki f3, Doki f6
3. Doki ya ci e5, Doki ya ci e4
4. Sarauniya e2, Sarauniya e7
5. Sarauniya ta ci Doki a e4.

A nan madubi ya fashe. Idan Baƙi ya ci gaba da kwaikwayo, Sarauniyarsa ta ci Doki a e5, sai Sarauniyar Fari ta cinye ta, har da kashedi. Idan kuwa a taku na huɗu ya janye Dokinsa zuwa f6, sai Fari ya tsallaka da Doki zuwa c6. Tashin Dokin ya buɗe wa Sarauniya hanya ta kai wa Sarki hari, shi kuma Dokin yana kan Sarauniyar Baƙi. Ko ta zauna a d8 ko ta tare a e7, duk Dokin zai kai gare ta. Mafi sauƙin asara ga Baƙi shi ne ya taka Soja d6 a taku na biyar ya maido da Dokinsa, amma duk da haka Fari zai fi shi da Soja ɗaya. Gwanaye kan kori Dokin Fari da Soja d6 tun a taku na uku, kafin su ci e4.

Hanya Ta Uku: Haƙuri Har Taku 16

Wani mai kwaikwayon yana da wayo, ba ya faɗa wa ƙaramin tarko. Irin wannan sai a tafi da shi a hankali.

1. Soja e4, Soja e5
2. Doki f3, Doki f6
3. Doki c3, Doki c6
4. Giwa b5, Giwa b4
5. Sarki ya fake a g1, Sarki ya fake a g8
6. Soja d3, Soja d6
7. Giwa g5, Giwa g4
8. Doki d5, Doki d4
9. Doki ya ci b4, Doki ya ci b5
10. Doki d5, Doki d4
11. Sarauniya d2, Sarauniya d7
12. Giwa ta ci f6, Giwa ta ci f3
13. Doki e7 da kashedi, Sarki h8
14. Giwa ta ci g7 da kashedi, Sarki ya ci g7
15. Sarauniya g5 da kashedi, Sarki h8
16. Sarauniya f6, Sarki ya mutu.

Mai karatu ya lura cewa har zuwa taku na 12 komai na Fari Baƙi yana da irinsa. Amma daga kashedin farko bai sake samun sararin taka abin da yake so ba. Da wannan hanya na ci ƙanena a gaban masu yi masa tafi, sannan na sake jera 'ya'yan muka bi takun ɗaya bayan ɗaya har ya ga inda gizo ke saƙa. Wannan zaman na biyu ya fi cin muhimmanci, domin ƙanen da aka kunyata aka bar shi a haka, sau da yawa ba ya sake kusantar allo.

Darasi Daga Gidajen Gwanaye

Kishi tsakanin 'yan'uwa ba aibu ba ne idan aka san inda za a juya shi. A ƙasar Hangari, Laszlo Polgar ya koyar da 'ya'yansa mata uku a gida: Susan da aka haifa a 1969, Sofia a 1974, da Judit a 1976. A 1988 su ukun suna cikin tawagar da ta ciwo wa ƙasarsu zinare a gasar ƙasashe ta mata a Tasalonika ta ƙasar Girka. Susan ta zama zakarar mata ta duniya a 1996. Auta Judit kuwa ba ta bi sawun yayarta ba, sai ta fuskanci gasar da ake karawa da maza. A 1991, tana da shekara 15, ta sami muƙamin babban gwani, ta karya tarihin ƙarancin shekaru da Bobby Fischer ya kafa a 1958. Daga baya ta kai matsayi na 8 a duniya, kuma ta doke Garry Kasparov a wani wasan gaggawa a 2002.

Haka nan a birnin Chennai na Indiya, Vaishali ce ta riga ƙanenta Praggnanandhaa fara wasa, amma shi ya riga ta zama babban gwani a 2018 yana da shekara 12. Ba ta yi zuciya ta ajiye allo ba. A ƙarshen 2023 ta cika sharuɗɗan muƙamin, suka zama ya da ƙane na farko da suka riƙe shi tare.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata mun ga cewa mai kwaikwayo kullum yana baya da taku ɗaya, kuma kashedi ko ci shi ne ke tona wannan tazara. Shawarata ga yayye ita ce su fitar da 'ya'yansu cikin natsuwa, su nemi layin da zai ƙare da kashedi, kuma in sun ci su koyar. Ga ƙanne kuma, kwaikwayo yana da amfani a takun farko don koyon tsari, amma kafin kowane taku a tambayi kai: me ɗan'uwana yake nufi da wannan, kuma in na yi irinsa wa zai riga kaiwa?

Ga aikin gwaji: akwai wani kisan na taku huɗu da yake farawa da Soja d4, Soja d5, ya ƙare shi ma a gidan c8. A jera allo a nemo hanyar da Sarauniya za ta bi.