Kafin Ka Sayi Kwale-kwale Mai Inji

Ɗan'uwa, in za ka sayi kwale-kwalen zirga-zirga tsakanin Yawuri da tsibiran tafkin Kainji, kada fenti ya ruɗe ka. Sa a fito da shi tudu a kife. Ƙwanƙwasa katakon gindi, ka tsokani mahaɗa da wuƙa. Inda ta shige da sauƙi, ruɓa ce. Tun da aka datse kogin Neja a 1968 akwai kututture a ƙarƙashin ruwan, siririn katako kuwa ba ya jure su.

Inji, ni dai Yamaha nake so, don kayan gyaransa ba sa wuya. A tashe shi da sanyi a gabanka.

Lodi ne ajalin jirgi. Wanda ya dare kusa da Warrah a Mayun 2021 ya ci rayuka masu yawa. Sayi rigunan kariya da filafili tun ranar ciniki.