Yadda Ake Kintatar Tsatsar Cikin Bututu

Akwai abin da ya kamata hakimai da malamansu su sani, musamman waɗanda bututun mai ko na gas ya ratsa ƙasarsu, kamar wanda aka soma shimfiɗawa cikin 2020 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Bututun ƙarfe yakan zama sumul daga waje, alhali kuwa tsatsa tana nan tana cinsa daga ciki.

Asalin abin ruwa ne. Busasshen gas ba ya cin ƙarfe. Amma in ruwa ya biyo shi, sai iskar nan da ake kira kabon dayoksaid ta narke cikin ruwan, ya yi tsami, ya shiga zaizayar bututun. Cikin 1975 wasu masana biyu na kamfanin Shell, de Waard da Milliams, suka fito da wani lissafi, watau in an san zafin bututu da yawan iskar nan, ana iya faɗin milimita nawa tsatsa za ta ci a shekara. Ga misali. A ce maƙera sun ƙara wa bututu kaurin milimita 3 saboda tsatsa. In tana cin ɗaya bisa goma na milimita a shekara, sai shekara 30. In kuwa rabin milimita take ci, shekara 6 ke nan.

Lissafin nan sau da yawa yakan zarce gaskiya, domin wani lokaci tsatsar kanta takan yi ɓawo ta suturce ƙarfen. Saboda haka akan auna nauyin ɗan guntun ƙarfe, a rataya shi cikin bututu, bayan watanni a fitar, a wanke, a sake aunawa.

To, amma tsatsa ba ta cin ko'ina daidai. Ta fi ɓarna inda bututu ya gangara kwari, ruwa ya kwanta. Ran 19 ga Agusta, 2000, kusa da Kalsbad a Amurka, wani bututun gas mai faɗin inci 30 ya fashe gab da kogin Fekos, wuta ta halaka mutum 12 da suka sauka a wurin. Masu bincike suka tarar tsatsa ta cinye gindinsa daga ciki.

Don haka malamin hakimi ya rubuta duk wani kwari da rafi da bututu ya haye cikin ƙasar. A gargaɗi dagatai da masu unguwa kada su bar kowa ya yi bukka ko ya hura wuta a wuraren nan. Wanda ya ji huci yana fita daga ƙasa, ko ya ga ciyawa ta bushe ba dalili, ya nisanci wurin, ya sanar da hakimi nan da nan.