Ɗumama Gida da Janareto Lokacin Hunturu

'Yan'uwa mazauna Amurka da Kanada, na'urar ɗumama gida mai aiki da gas ba ta tashi sai da lantarki, domin fankarta da abin kunna wutarta duk da shi suke aiki. Da zarar ƙanƙara ta katse layi, sai gida ya ɗau sanyi ko da gas na nan. Ƙaramin janareto zai fisshe ku, amma da sharaɗi.

Irin wannan na'ura volt 120 take buƙata, kuma janareto mai watt 2,000 kan wadatar da yawancinsu. Ku zaɓi mai inbata, domin wutarsa ba ta hawa da sauka, ba ta kuma lalata ƙwaƙwalwar na'urar.

Kada ku kuskura ku jona janareto a soket ɗin bango. Wutar za ta koma kan layi, ta iya halaka ma'aikacin da ke gyara a waje. Ku kira ƙwararren mai aikin lantarki ya sa makunnin sauya layi. Idan na'urar ta kama sannan ta mutu, ku sa ya duba haɗin wayar ƙasa.

Babban haɗari shi ne hayaƙi. Iskar kabon monoksaid da ke cikin hayaƙin janareto ba ta da wari ko launi, kuma ta yi kisa a Tekzas a Fabrairun 2021. Janareto a waje yake zama, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, kada kuma a sa shi cikin gareji. Ku sa na'urar gargaɗin wannan iska mai batir kusa da ɗakin kwana, ku kuma gwada komai tun kafin sanyi ya kankama.